Ƙarar taɓarya ce ta nuna mini wurin

Assalamu alaikum. Ni mai injin niƙa ne a nan Maraɗi. Cikin wata guda samari uku suka same ni a bakin inji, kowa da ɗan jarinsa, kuma tambayarsu iri ɗaya ce: nawa inji yake yanzu, tiya nawa yake niƙawa a wuni, gazuwal nawa yake sha. Babu ko ɗaya da ya tambaye ni inda zai girka shi. Ni kuwa a nan ne na sha kashi, shi ya sa na ga ya kamata in ba da labarin yadda abin ya faru da ni.

Shekara 11 na yi ina yaron wani Alhaji mai fatauci tsakanin Maraɗi da Katsina. Mu yi lodin wake da aya, wani lokaci har da jajayen awakinmu, mu bi ta Ɗan Isa mu faɗa Jibiya, mu dawo da kayan roba da sabulu da atamfa. A watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu. Muka ce abin na sati biyu ne. Sati biyu ya zama wata, wata ya zama shekara. Ko da aka buɗe wasu ƙofofin a ƙarshen 2020, ta Jibiya tana nan garƙame har 2022. Alhaji bai jira hakan ba. Wata rana bayan la'asar ya kira ni zaure, ya ce, "Ɗana, ba zan riƙe ka kana zaman jiran abin da ni ma ban san ranarsa ba. Ga wannan, ka je ka kafa naka. Allah Ya yi maka albarka." Ya miƙo mini sallamata a ƙunshe cikin leda. Har gobe ina yi masa addu'a.

Na haɗa da kuɗin adashen maiɗakina, na sayi inji na hannu, mai aiki da gazuwal, da kai biyu: ɗaya na gari, ɗaya na markaɗe. Lissafina a kan sana'ar daidai yake, kuma har yau ban canza ra'ayi ba. Iyaka a buɗe take ko a rufe, naira ta hau ko ta faɗi, mutumin Maraɗi sai ya ci tuwo ya sha fura, hatsi kuwa sai an niƙa.

Saura wuri. Wani dillali ya kai ni wani shago a bakin kwalta, kan hanyar da ke fita gari ta nufi Nijeriya. Ginin siminti, ƙofar ƙarfe, rufin kwano sabo fil. Ya ce, "Malam, tsaya nan minti goma ka ga mutane." Na tsaya. Kabu-kabu, adaidaita, amalanke, tireloli, masu ƙafa, abin ba ya yankewa. Ni da na tashi a kan hanya, a wurina hanya ita ce arziki. Duk wani babban ɗan kasuwa da na sani shagonsa a bakin titi yake. Mai shagon ya ce jikka 20 a wata, kuma na wata shida zan ajiye a dunƙule. Jikka 120 ke nan, ban da la'adar dillali.

Kafin in biya na ɗauko Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarami a Bagalam. Ba shawara na je nema ba, so nake ta sa albarka. Ta sauka daga mashin, ba ta ko leƙa cikin shagon ba. Ta juya masa baya ta tsaya tana kallon titi, da gidajen da ke ɗaya hannun. Ta daɗe. Can ta ce, "Kai yaro, wa zai ƙetaro?"

Na ce, "Gwaggo, ba ki ga mutane ba?"

Ta ce, "Na gan su. Wane ne a cikinsu yake ɗauke da ƙwarya?"

Maganar ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan. Washegari na biya.

Na buɗe da kakar 2020, lokacin da sabon hatsi ya shigo, lokacin da ya kamata mai inji ya rasa inda zai sa kansa don aiki. Satin farko na ce ba a san ni ba ne. Na biyu na ce haka. A wata na biyu na fara duba abin da ke kewaye da ni, abin da ya kamata in yi tun kafin in zare ko dala. A hannuna na titi, dama da hagu, masu faci ne da masu walda da masu sayar da kayan mota. Bayana kuwa manyan ɗakunan ajiyar kaya ne, sai wasu gidajen ma'aikata masu dogayen katangu, waɗanda cimarsu shinkafa ce da taliya, in sun so tuwon masara su aiko da buhu guda sau ɗaya a wata. Gidajen da ake ɗora tukunyar tuwo kullum, gidaje masu mata uku da 'ya'ya goma sha, duk suna ɗaya hannun. Tsakanina da su faɗin kwalta ne kawai. Da ido ina iya ƙirga ƙofofinsu.

To amma wa ke kai niƙa? Ba maigida ba ne. Ba uwargida ba ce, mafi yawansu ba su fita da rana. Yarinya ce 'yar shekara bakwai ko tara, da kwano a kai, da dala goma a ƙulle a bakin ɗankwali. Ita ce ke riƙe da wannan sana'a gaba ɗayanta, ni kuwa ban sa ta a lissafi ba.

Akwai wata yarinya da ba na mantawa. Da hantsi ne. Na hango ta ta fito daga lungu da kwanon sha a kai, an rufe shi da faifai. Ta zo bakin kwalta ta tsaya cak. Ta dubi dama, tirela. Ta dubi hagu, kabu-kabu uku a jere. Ta sa ƙafa ɗaya, ta janye. Hannunta ɗaya na dafe da kwanon, ɗayan tana murza gefen zanenta. Na miƙe zan je in ƙetaro da ita, kafin in samu hanya ta juya ta koma lungun. Daga baya na ji akwai wani tsohon inji can cikin unguwarsu, ya fi nawa nisa sau uku, garinsa ma bai kai nawa laushi ba, amma babu titi tsakani. Can ta tafi.

Abin da ya ƙarasa ni ya faru a wata na huɗu. Wata yarinya ta kawo dawa tiya biyu, na niƙa mata, ta ɗauka. Tana tsakiyar titi wani mai mashin ya goge ta. Allah Ya kiyaye, gwiwa kawai ta kurje. Amma garin ya watse fari fat a kan kwalta, motoci suka bi ta kai. Na ɗauke ta na kai ta gida, na sayi wata dawar na biya. Uwarta ta yi mini magana daga bayan labulen zaure, ba faɗa, ba zagi. Ta ce, "Malam, mun gode. Amma ka yi haƙuri, ba za mu sake aiko ta ba." Kafin sati ya zagayo labarin ya gama lungun, 'yan ƙalilan ɗin da ke ƙetarowa ma suka ɗauke ƙafa. Kuma gaskiyarsu ne. Ni ma da ɗiyata ce ba zan aike ta ba.

Akwai ranar da tun safe har magariba abin da na tara bai kai kuɗin gazuwal ɗin da na ƙona ba. Irin wannan inji, tayar da shi don tiya ɗaya asara ce. Ribarsa tana cikin layi, kwano bayan kwano ba tare da an kashe ba. Ga ƙurar titi da ke sauka kan garin mutane. Da wata shida suka cika, ana cikin azumin 2021, mai shago ya aiko a sabunta. Na kwance injina, na ɗora a amalanke, na kai zauren Gwaggo na lulluɓe shi da buhuna.

Ba ta ce mini "ai na faɗa maka" ba. Sai da aka sha ruwa, na ci abin da zan iya ci, sannan ta ce, "Inji bai mutu ba, kai ma ba ka mutu ba. Ka daina zuwa inda ake hayaniya. In ka yi sallar asuba kada ka koma ka kwanta. Fita ka yi ta tafiya, ka kasa kunne. Inda ka ji taɓarya na tashi gida-gida, nan mata ke wahala, nan ake neman ka."

Wani abokina ya ba ni mashin ina kabu-kabu muna raba abin da aka samu. Da shi na ciyar da gida duk daminar nan, da shi kuma na zagaye Maraɗi lungu-lungu. Tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da Limanci cike suke da jama'a, amma kowace kusurwa da injinta, wasu sun fi ni shekaru a duniya, kuma mace ba ta barin mai injin da ya san irin laushin da take so don wani baƙo. Sai na riƙa fita gefen gari, can bayan Zariya, inda gine-gine ke ta cin gonaki. In kashe mashin, in jingine shi, in taka da ƙafa.

Wata asuba na shiga wata sabuwar unguwa, rabi gidaje rabi kangaye, wasu filayen ma da gero a tsaye a ciki. Gari bai gama wayewa ba. Sai na ji ta. Dum, dum, daga wannan gida. Wani gidan ya amsa. Can gaba mata biyu suna lugude, taɓarya na bin taɓarya, har da tafi a tsakani. Na tsaya ƙarƙashin wata bedi ina ƙirgawa da yatsu, yatsun suka ƙare ban gama ba. Rabon da in ji irin wannan tun ina yaro. Tsigar jikina ta tashi.

Wannan karon ban yi gaggawa ba. Na koma washegari, na koma jibi. Na je da hantsi, na je da la'asar, na je ranar Litinin da Juma'a da kasuwa ke ci, na je ranakun da ba ta ci. Na bi 'yan mata masu kwano a kai daga nesa don in ga inda suke kai niƙa: tafiya ce mai tsawo cikin rairayi, su dawo rana ta take. Shi ya sa iyayen suka gwammace su daka da hannu.

Abin da ni ba zan iya ji ba, maiɗakina ta jiyo mini. Namiji iyakarsa zaure. Ita kuwa ta samu wata 'yar ƙauyensu da ke aure a unguwar, ta bi ta gidan suna, ta zauna cikin mata. Ta dawo mini da abin da ko shekara na yi a bakin titi ba zan sani ba. Yawancin mutanen daga ƙauyuka suka taso, kuma har yanzu hatsinsu daga gonakin gida ake kawo musu, ba gari suke saye ba. Akwai mata huɗu masu awara da ke jiƙa waken suya da dare, suna bukatar markaɗe tun da sassafe. Akwai masu ƙosai, akwai masu fura ta sayarwa. Ta ce da ta ambaci inji, wata tsohuwa ta ɗaga mata tafin hannunta ta nuna mata kanta, ta ce, "Ɗiyata, ki ce masa ya zo."

Na je na gaida mai unguwa da goro, na faɗa masa nufina. Ya haɗa ni da wani dattijo ya zagaya da ni. Wuri uku aka nuna mini.

Na farko yana jikin masallaci. Liman da kansa ya ce babu komai, amma na san ƙarar injina. Yau babu komai, gobe ana karatu ko ana jana'iza sai a fara jin haushina a zuci. Na ba da haƙuri.

Na biyu ya fi kowanne kyau a ido, fili ne shimfiɗaɗɗe a tsakiyar gidaje, kuma kusan kyauta. Na kai Gwaggo. Wannan karon shawara na je nema. Ta duƙa ta dubi gindin katangar maƙwabta, ta nuna mini wani layi mai duhu da ya kai tsayin gwiwa. Ta ce, "Ruwa ya rubuta sunansa a nan." Ta tuna mini abin da iyayenta suka ba ta labari, cewa asalin Maraɗi a ƙasa take, a bakin Gulbi, sai da ambaliyar 1945 ta cinye garin aka hauro tudu. Ta ce, "Garin nan da kansa ya taɓa canza wuri saboda ruwa, balle kai." Da aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta na je da kaina, cikin ruwan, na tarar filin ya zama tafki, yara na wanka. Amfanin neman wuri da damina ke nan. Da rani ne da na karɓa hannu bibbiyu.

Na ukun ba shi da wani kyan gani. Kusurwar wani kango ne a kan ɗan tudu, mai shi yana ci-rani, ƙanensa ke kula. Amma hanyoyin ƙafa uku ne suka haɗu a gabansa, kuma taku kaɗan daga nan akwai famfon da unguwa ke ɗibar ruwa. Yarinyar da aka aika ruwa za ta iya ajiye kwanon niƙa, ta cika bokiti, ta dawo ta ɗauka. Ni ma markaɗe da sanyaya inji duk ruwa suke so. Mota ba ta bi ta wurin, sai amalanke da jaki. Na zauna a kan wani bulo tun safe har azahar ina kallon masu wucewa, wannan karon ba kawuna nake ƙirgawa ba, abin da ke bisa kawunan nake dubawa.

Jikka 5 a wata muka yi. Na roƙa a rubuta, shekara uku, mai unguwa da liman suka sa hannu, aka kira mai filin a waya ya amince kowa na ji. Wasu na ganin rubutu tsakanin Musulmi rashin yarda ne. Ni ban ga haka ba. Wanda zai zuba siminti ya kafa inji a filin wani, in ba takarda, ranar da kasuwa ta buɗe ranar za a tuna ana bukatar filin. Gida biyu da ke manne da wurin na shiga na gaida masu su, muka yi magana a fili: ba zan tayar da inji ba sai an fito sallar asuba gari ya yi haske, in an kira salla zan kashe, bayan isha'i kuwa ko nawa za a biya ba zan kunna ba. Ɗaya daga cikinsu yana da tsohuwa marar lafiya, sai na juya bututun hayaƙi ya kalli kango. Rumfar kwano na yi, na ba gabas baya, domin hadarinmu daga can yake tasowa, na bar ƙofa tana kallon yamma na sa mata zana saboda ranar la'asar. Na je ma'aikatar magajin gari na yanki patanti, wato takardar harajin sana'a, tun kafin a zo nema.

Na buɗe da kakar 2021. Ranar farko, kafin in gama ɗaura bel, kwanoni bakwai na jere a ƙasa, kowanne da ɗan ƙyalle ko faifai a kai don kada a rikita. Masu awara su ne farko, kullum, har yau. Tsohuwar nan mai kanta a hannu ta zo da kanta, ba ta aiko jika ba, ta tsaya tana kallon garin na zuba, ta ɗiba ta murza tsakanin yatsu, ta ce, "Ƙara matse shi kaɗan, ɗana." Na matse. Ta ce, "Yauwa." Da azumin 2022 sai da na ɗauko ƙanena ya taya ni, saboda gasarar kunu da markaɗen ƙosai tun azahar ake layi. A cikin shekarar na mayar wa maiɗakina kuɗin adashenta, na ƙara mata da turmin atamfa.

Unguwar ba ta da wutar lantarki a lokacin, kuma mutane da yawa sun ce mini wannan aibi ne, injin wuta ya fi sauƙin kashe kuɗi da rashin ƙara. Gaskiya ne. Sai ga 2023: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka sa wa ƙasarmu takunkumi, Nijeriya ta yanke wutar da take turowa, mu kuwa nan Maraɗi daga wajen Katsina wutarmu take zuwa. Masu injin wuta a cikin gari suka koma zaman jira. Gazuwal kuwa ana tace shi a matatar Damagaram, ana samunsa. Watannin nan har daga cikin gari ake kawo mini niƙa a kan mashin. Ban yi murna da halin da 'yan'uwana suka shiga ba, wasunsu ma na karɓi aikinsu na niƙa muka raba. Wannan ba dabarata ba ce, Allah ne Ya tsara.

Haka ruwan ƙarshen Agustan 2024, wanda ya rusa gidaje ya ci rayuka a garin nan, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Filin nan na biyu, wani ya riga ya gina shago a kai, ruwa ya shiga har ya lalata masa kaya. Rumfata kwano ɗaya iska ta ɗage.

Yanzu unguwar ta cika. An ja wuta, kangaye sun zama gidaje, wani ya kafa injin wuta a ɗaya bakin, kuma yana samu, ni ma ina samu. Mai filina ya dawo, mun sabunta takarda, ya ƙara kuɗi, ban yi gardama ba. Da asuba in ka tsaya ƙarƙashin bedin nan ba ka jin taɓarya sai jefi-jefi, ta masu dakan fura ko yaji.

Ƙanena ya ƙware, yana son nasa, na kuma yi masa alkawarin tsohon kan markaɗe da rabin kuɗin inji. Wani dillali har ya kai shi wani shago a bakin kwalta, ya dawo yana ba ni labarin ƙofar ƙarfe. Gwaggo ƙafa ta hana ta hawa mashin yanzu. Shekaranjiya bayan sallar asuba na ce masa ya ɗauko takalminsa. Muka wuce gidajen ƙarshe, muka wuce inda ake buga bulo, muka shiga wasu sabbin bukkoki da ban san da su ba bara. Ya fara magana, na ɗaga masa hannu. Muka tsaya shiru cikin sanyin safiya. Can daga bayan wata dangar kara, taɓarya ta sauka.